Ɗiyar Ladan Ta Ƙarasa Masa Hanya

Hannatu tana durƙushe gaban kasko tana juya naman layya lokacin da rediyon kantin Alhasan ya faɗi maganar. Dangar gidansu ta kara ce, saboda haka muryar mai labarai daga Umdurman takan shigo tsakar gida ba sallama, kuma babu mai kula ta. Ranar ma ba ta saurara ba da farko. Sai ta ji an ambaci Mina, aka ambaci wuta, aka ce tantunan alhazai. Mai labarai ya ce an yi rashi, ya yi addu'a, ya wuce zuwa maganar farashin auduga.

Cokalin ya tsaya a hannunta. Yayarta Kulu da mahaifinsu Malam Ladan suna Mina a wannan shekarar.

Iya tana bakin rumfa tana yanka kitse. Larabcinta na kasuwa ne, ba ya bin na rediyo, amma ta ga fuskar autarta.

“Mi shika faɗi, Hannatu?”

“Wuta ce ta tashi a Mina, Iya. Bai faɗi mutanen wace ƙasa ba.”

Iya ta ajiye wuƙar a kan faifai. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Igiyar shanya kawai ta duba, wadda ke tsakanin bishiyar nim da rumfa, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, “Juya namanki, zai ƙone.”

Duk wanda ya san gidan Ladan a Hillat Jibirin ya san abin da igiyar nan take ɗauka a watan aikin hajji. Malam Ladan goyo aka yi shi daga ƙasar Sakkwato, a bayan uwarsa, cikin jama'ar da suka taso da niyyar Makka. Suka sauka a Mai Wurno ta ƙasar Sudan don su huta, hutun ya zama noma, noman ya zama aure da haihuwa da kaburbura. Da ya girma ya biyo aikin auduga zuwa Jazira, ya zauna a wannan ƙauye da ke gefen babbar tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki. Amma bai taɓa yarda an ce ya zauna ba. In baƙo ya tambaye shi garinsu, sai ya ce, “Muna bisa hanya.” Maƙwabta suka gina ɗakunan jan bulo, shi ya ƙi, ya ce matafiyi ba ya gini. Audugar da ya fara tsinka da hannunsa kuwa ya kai wa masaƙi a Mai Wurno, aka saƙa masa fararen zannuwa biyu na harami. Kowace shekara in wata ya kama, Iya takan fito da su daga akwati ta wanke, ta shanya a igiyar nan, ta ninke ta mayar. Bana ne kaɗai igiyar ta kwana babu komai, kuma Kulu ce sanadi.

Kulu ita ce babbar 'yarsa. Tana ƙarama aka yi wata shekarar da iyalin suka ƙetara kogi zuwa Rufa'a neman aiki, Iya ta riƙa ɗora mata tallar gyaɗa. Yarinyar ta gano cewa ƙofar makarantar 'yan mata ta fi kasuwa ciniki, ta mayar da nan wurin zamanta. Taga a buɗe take, ita kuma kunnenta a buɗe. Wata malama 'yar Masar ta lura da mai gyaɗar da ke maimaita karatu a ƙarƙashin taga, ta kira ta ciki. Kulu takan ba da labarin matar nan har bayan ta girma: ta baro 'ya'yanta wurin uwarta a can ƙasarsu, tana ajiye hotonsu cikin jaka, kuma in yara sun fita cin abinci takan fito da shi ta goge da gefen mayafi. A lokacin Kulu ta ɗauka matar ba ta da tausayi. Tana cewa a ranta, wace irin uwa ce ke barin 'ya'ya ta zo koyar da na wasu?

Malamar ta je har bukkarsu ta roƙi Ladan. Ya saurare ta har ta gama, ya tambaye ta abu ɗaya: in yarinyar ta yi karatun nan, za ta iya karanta rubutun da ke jikin jirgin ruwa? Malamar ta ce har ta rubuta wani. Ya ce to a ɗauke ta, matafiyi yana bukatar mai karanta masa hanya.

Haka Kulu ta yi karatu a Rufa'a a hannun wata gwaggonsu, ta wuce Umdurman aka horar da ita, ta dawo Hillat Jibirin ba da daɗewa ba bayan ƙasa ta sami 'yancin kai. Ta dawo da farin tob, wato dogon lulluɓin matan Sudan, irin na malamai, da allo baƙi, da izinin buɗe ajin 'yan mata. Aka yi mata rumfa kusa da gadar tur'a. Ranar farko ta share, ta yayyafa ruwa, ta zauna. Babu yarinyar da ta zo.

Ba ƙiyayya ba ce. Matan ƙauyen suna cikin gida, ba sa fita, kuma sana'arsu duka a kan 'ya'yansu mata take. Mai ƙosai, mai waina, mai dafaffen rogo, mai fura, kowace sai da ƙafar 'yarta abinta ke kai wa ga mai saye. A ɗauke yarinya da safe, an rufe wa uwa kasuwa. Kulu ta shiga gida gida tana shan shayi tana saurare, ba ta yi wa kowa wa'azin amfanin ilimi ba, don ita ma da farantin gyaɗa ta fara. Abin da ta ce musu shi ne, a turo yaran da farantansu.

Mutanen Jazira ba sa karin kumallo da asuba. Sai rana ta ɗaga, leburorin tur'a da manoma da direbobin lori suke neman abin da suke kira fatur. Kulu ta je wurin shugaban leburori, ta je tashar lori, ta gaya musu daga yau fatur a ƙofar makaranta yake. Yara suka riƙa zuwa da sassafe, su jera farantai a inuwar danga, a rufe da faifai, su shiga karatu. In lokaci ya yi ta kaɗa ƙarfe, su fito su sayar a wuri ɗaya maimakon yawo cikin rana, su wanke hannu, su koma. Iyaye suka ga farantai suna dawowa wayam kafin azahar. A shekara ta biyu sai da aka ƙara rumfa.

Wani mufattishi, mai duba makarantu, da aka turo daga birnin Madani ya iso daidai lokacin fatur, ya tarar da lori biyu a ƙofar makaranta da maza suna tsugune suna cin waina.

“Ya Ustaza, wannan makaranta ce ko kasuwa?”

“Yanzu kasuwa ce, ranka ya daɗe. In ka ɗan jira za ta koma makaranta. Ka yi fatur?”

Bai yi ba. Aka zuba masa ƙosai da yaji. Ya shiga aji ya ji karatu, ya ce shi dai a ƙa'ida bai ga farantai ba, ya tafi da ƙullin rogo.

Hannatu a wannan rumfar ta koyi baƙi, da nata farantin a jikin danga. A aji Kulu ba ta san ƙanwa ba. Larabci take yi da su kamar yadda aka umarta, amma in ta ga ƙaramar yarinya ta yi zuru, takan sunkuya ta raɗa mata da Hausa, ta miƙe ta ci gaba kamar ba ita ba. Kulu ta yi aure da Salihu, mai hawasha, wato gonar auduga da hukumar noma ke ba mutum ya riƙe muddin yana kanta. Ta haihu uku. Goyo bai hana ta aji ba: da jariri a baya take rubutu a allo, in ya yi kuka ta miƙa wa babbar ɗaliba. Sau biyu aka ɗauki maza da ta riga shiga aiki aka ba su shugabancin manyan makarantu, ita aka ce mata ai mace mai iyali ba ta son nisa. Ba a tambaye ta ba. Ta ce ba komai, rumfar ta zama ɗakuna huɗu a hannunta.

Sai bara aka ce ƙasar Yaman tana neman aron malamai mata, don can iyaye ba sa ba namiji 'ya'yansu mata ya koyar. Sunan Kulu ya fito. Sharaɗi ɗaya ne: ba mace da za ta tafi sai da muharraminta. Namiji in aka zaɓe shi, jakarsa kawai yake ɗauka.

Salihu ba zai iya ba. Mai hawasha in ya bar gonarsa shekara guda, ya dawo ya tarar da wani a kai. Ɗansu na fari bai balaga ba. Aka zauna a tsakar gida ana juya maganar, Kulu ta ce a bar ta kawai, dama ita ba ta saba samu ba. Malam Ladan yana gefe yana gyaran igiyar guga. Bai ɗago ba ya yi tambaya.

“Yaman ɗin nan, tsakaninta da Makka akwai ruwa?”

Kulu ta ce babu, ƙasa ɗaya ce a haɗe, mota ke zuwa.

Ya ajiye igiyar. “To mi kuke ta shawara? Ni ba muharrami ba ne?”

Iya ta ce, “Kai da ko Sinnar ba ka zuwa sai ka kwana biyu kana ciwon baya?”

“Sinnar ba ta bisa hanya,” in ji shi.

Ranar tafiya Iya ta fito da zannuwan nan biyu ba a watansu ba, ta sa masa a jaka, tare da tsohuwar gorar ruwan da uwarsa ta rataya tun daga Sakkwato. Hannatu a lokacin ta gama makarantar horar da malamai ke nan, ko albashin fari ba ta karɓa ba. Kulu ta miƙa mata ƙarfen da ake kaɗawa, ta miƙa mata autarta Mairama, ta ce, “Kada ki makara da fatur. In direbobi suka jira sau biyu, za su koma tasha.” Iyakar wasiyyar ke nan.

Da yake Iya ba ta karatu, Kulu kaset take aikowa ta hannun masu zuwa hutu. A kantin Alhasan ake aron na'ura, mata su cika tsakar gida. Muryarta takan fito da ƙarfi kamar tana gaban aji. Ta ce ƙauyen da aka kai ta a kan dutse yake, sama da birnin Ta'iz, gidaje a kan gidaje, kuma sanyi har cikin ƙashi. Ta ce 'yan matan can ba talla ke hana su zuwa ba, ɗiban ruwa ne daga ƙasan dutse, don haka ta mayar da karatu bayan sun sauke tulu. Ta ce akwai malama 'yar Masar da 'yar Sham a ɗaki ɗaya da ita, kowace da nata tsohon ko ƙanen da ya rako ta, mazan suna zaune a ƙofar masallaci babu aikin yi sai gardamar wace ƙasa ta fi iya shayi. Ta ce Baba ya zama ladanin ƙauyen ba tare da wani ya naɗa shi ba. Sannan muryar ta yi ƙasa. Ta ce a gaya wa Mairama hotonta yana cikin jaka, kullum sai ta goge shi, kuma yanzu ta nemi gafarar wata mata a zuciyarta.

A kaset na ƙarshe ne ta ce za su hau arfa bana. Ba za su biyo ta Sudan ba. Za su shiga motocin mutanen ƙauyen, su tafi ta ƙasa tare da alhazan Yaman. Aka ji muryar Ladan daga nesa yana cewa a gaya wa Iya ya gwada haramin, bai yi masa kaɗan ba. Matan suka yi dariya, suka yi guɗa.

Bayan labarin wutar, kwanakin sallah suka wuce a gidan kamar ba sallah ba. Hannatu takan tsinci kanta a jikin danga duk lokacin labarai, tana sauraron mutumin nan na Umdurman, shi kuma bai ƙara komai ba sai cewa an shawo kan abin kuma alhazai sun ci gaba da ibada. Ta daina jin ɗanɗanon abinci. In ta rufe ido sai ta ga tsoho mai ciwon baya cikin turmutsutsu, da mace mai taurin kai da ba za ta taɓa sakin hannunsa ba. Wannan ne ya fi tsorata ta. Ta san yayarta: in Baba bai iya gudu ba, Kulu ba za ta gudu ba.

Salihu yakan shigo kullum da hantsi daga gona, laka har gwiwa. Tsakaninsa da Hannatu wasa ne tun tana yarinya, kuma ko a wannan hali bai bari ba.

“Ustaza ƙarama, an ce kin daina cin abinci. So kike yayarki ta dawo ta ce na bar mata ƙanwa ta zama karan dawa?”

“Kai dai ka ji da kanka. Rigarka a bai-bai take tun jiya.”

Ya duba, haka ne. Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, ya zauna a bakin gado.

Alhaji Almu, mai injin niƙa, shi ne ya fara dawowa cikin alhazan yankin. Ya sauka daga jirgin ƙasa ya iso a lori, aka tare shi da guɗa, gidan Ladan suka bari sai da jama'a ta ragu. Iya ta yafa mayafi ta je da kanta, abin da ba ta saba ba, Hannatu da Salihu suna biye.

Alhaji Almu ya ce wutar ba ta kai inda suke ba, hayaƙi kawai suka gani da mutane suna gudu. Ya ce ya nemi Malam Ladan cikin 'yan Sudan, babu wanda ya gan shi. Ya je unguwar da Hausawa ke zama a Makka, ya tambaya gida gida. Wani mai sayar da tasbaha ya ce ya ga tsoho da gora irin ta dā a rataye, tare da mace mai farin tob, amma bai tuna ba ko kafin Mina ne ko bayanta.

“Cikin 'yan Yaman fa, Alhaji?” in ji Hannatu. “Da su suka tafi.”

Alhaji Almu ya shafa gemu. “Wallahi ɗiyata, ban kawo ba. Na nemi namu cikin namu.”

A hanyar komawa Salihu ya ce gobe zai kama jirgi zuwa Bur Sudan, ya tsaya a bakin ruwa har jirgin alhazai na ƙarshe ya sauke. Auduga ta fara buɗewa, masu tsinka sun fara sauka a bakin gonarsa, amma ya ce hawasha ta tafi, ai saboda ita ya bar tsoho ya ɗauki nauyin da yake nasa. Duk ƙauyen haka suka sani: alhaji ta Bur Sudan yake dawowa. Iyayensu ma can suka nufa.

Hannatu ta tsaya a kan gadar tur'a. “Yaya Salihu, ba ta nan za su dawo ba. In suna lafiya, motar da ta kai su ita za ta mayar da su kan dutsen nan. Yaya tana da aji. Ka san ta, ranar da aka buɗe makaranta tana ƙofa.”

Salihu ya dube ta, ya dubi ruwa. Sai Iya ta yi magana, karo na farko tun da suka fito.

“Ita za ta koma. Shi fa? Ko wuta ba ta taɓa shi ba, wa ya ce muku mutumin nan zai yarda ya baro Makka? Tun ina amarya yake gaya mini can za a rufe shi.” Ta gyara mayafi. “In ya zauna, ya bar mini ɗiya ba muharrami a ƙasar mutane, ni da shi ne.”

Hannatu ta ji dariya ta taso mata tare da hawaye, ta rasa wanda za ta bari ya fito.

Washegari Salihu ya tafi Madani maimakon Bur Sudan. Ya buga waya ta telgiram zuwa makarantar da Kulu ke koyarwa, da sunan shugabarta, kalmomi kaɗan da Hannatu ta tsara masa: ko Ustaza Kulu da mahaifinta sun dawo. Ma'aikacin ya ce waya tana kaiwa Ta'iz, daga nan sai an sami mai hawa dutsen. Salihu ya dawo ya shiga gonarsa.

Wasu dangi daga Mai Wurno suka zo, suka fara maganar ko a yi sadaka. Iya ta dafa musu shayi, ta ce sadakar da za ta yi ta dawowa ce, su adana cikinsu.

Ranar da hutun makaranta ya ƙare, Hannatu ta tashi da sassafe. Ta yi tunanin ko iyaye za su turo yara, tunda kowa ya san Kulu suka ba amana, ita riƙo kawai take yi. Ta ɗaura farin tob, ta kama hannun Mairama, suka fita. Tun daga nesa ta hango inuwar danga. Farantai a jere, an rufe da faifai, har da na gidajen da suka yi wata ba su turo ba. Wata yarinya ta ce innarta ta ce a gaya wa Ustaza Hannatu ta ci waina biyu daga farantinta, kuma za a tambaya in ta ci.

Ta shiga aji ta rubuta kwanan wata a allo. Da rana ta ɗaga ta ɗauki ƙarfen ta kaɗa, ba ta makara ba. Direbobi suka sauko, wanda ya zo daga Madani ya girgiza mata kai tun kafin ta tambaya, ya ce ya biya gidan waya, babu komai tukuna, gobe ma zai biya.

Auduga yanzu ta yi fari a gonar Salihu, ana tsinka. Iya ba ta shanya komai a igiyar nan. Har safiyar yau amsa ba ta zo daga Ta'iz ba.